Abin da ba na yarda a sa a katin Trello

A kamfanin da nake aiki, ni ke riƙe da jadawalin ayyuka: wa zai haƙa rijiyar burtsatse a wane gari, yaushe siminti zai iso, nawa ya rage a biya ɗan kwangila. Ƙananan ayyuka a Trello muke bin su, wato manhajar intanet da ake rubuta kowane aiki a kan kati a jera shi a allo, manya kuma a manhajar tsara ayyuka ta Microsoft Project. Masu kutse ba sa hana ni barci kamar yadda abokan aikina ke yi, mutanen kirki masu son sauƙaƙa wa kowa.

Allon Trello ana iya kulle shi, ana iya buɗe shi ga 'yan kamfani kaɗai, ana kuma iya buɗe shi ga duniya. Na ukun nan Google na ganin sa, kuma yana nuna wa duk wanda ya nema. A 2018 wani mai binciken tsaron intanet ya gano alluna na Majalisar Ɗinkin Duniya a buɗe, har da kalmomin sirri rubuce ɓaro-ɓaro a cikin katuna. A shekarar kuma an samu irin haka a allunan gwamnatocin Birtaniya da Kanada. Ba wanda ya fasa musu ƙofa. Wani ne ya ga wahalar gayyatar mutane ɗaya bayan ɗaya, sai ya bar ta a wangale.

A wajenmu salon daban ne. Mutum zai kwafi adireshin gayyata ya jefa a zauren WhatsApp, daga nan a tura wa direba, a tura wa mai kawo yashi. Duk wanda ya danna ya shiga. Ga kuma 'yan bautar ƙasa da ke gama shekararsu su tafi, sunansu na nan daram a allo. Shi ya sa duk ranar da wani ya ajiye aiki, kafin ya miƙa makullin ofis na cire shi.

Wanda ya fi ba ni haushi shi ne Microsoft Project. Akantanmu yakan ce, "Ai na ɓoye layin kuɗin, Malam, tura fayil ɗin kawai." Ɓoyewa ba gogewa ba ce. Kuɗin da muke biyan kowane ma'aikaci a awa yana nan a cikin fayil ɗin, wanda ya karɓa zai iya dawo da layin cikin daƙiƙa, ya lissafa ribarmu kafin mu zauna ciniki. Ni PDF nake fitarwa, ko da za a ce na cika tsanani.

Su ma kamfanonin da ke yin manhajojin ba a rasa su da nasu ramin. A watan Janairun 2024 wani ya sa bayanan masu amfani da Trello kimanin miliyan 15 a kasuwa, sunaye da adiresoshin imel. Babu kalmomin sirri a ciki, amma mai imel ɗinka da sunanka zai iya rubuto maka wasiƙar bogi kamar daga Trello take. Tun lokacin na matsa wa kowa ya kunna tantancewa mai mataki biyu, wato bayan kalmar sirri sai an ƙara da wata shaida kafin a shiga.

Sai maganar mutanen gari. Idan aiki ya haɗa da jerin waɗanda za su amfana, da lambobin waya da NIN, wannan amana ce, kuma doka ta shiga. Dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta wajabta a sanar da hukumar kare bayanai ta ƙasa, NDPC, cikin awa 72 idan aka samu ɓarakar da za ta iya cutar da masu bayanan. Don haka jerin nan ba ya hawa kati. A katin ina rubuta "jerin unguwa kaza ya kammala", shi kuwa jerin yana wata ma'ajiya da ni da shugaban aikin kaɗai muke iya buɗewa. Haka ma albashi, da farashin da za mu sa a takardar neman kwangila.