Mushen jaki da lissafin kwanan gawa

Akwai wani mushen jaki da aka yar a bayan unguwarmu da hunturun bara, kullum ta nan nake bi in je shago. Na yi zaton wari zai hana mu sakat, ina! Kwana kaɗan ya yi yana bugowa sai iska ta shanye shi, fatar ta ƙandare a kan haƙarƙari kamar ganga, har aka fara zafi yana nan kwance abinsa. Amma tunkiyar da mota ta buge da damina a wajen, kwana uku ta kumbura ta fashe, tsutsa fal, sati biyu sai ƙashi da gashi.

To ashe abin da ke ba masu binciken gawar mutum ciwon kai kenan, in an tsinci gawa a daji aka ce su faɗi yaushe ta mutu. Ƙwayoyin cutan ciki da koren ƙuda su ke aikin, kuma dukansu zafi da laima suke so, sanyi ya sa su kasala, bushewa ta tsayar da su cak.

Ko manyan ma suna shan ƙasa. A 1977 an kira Dakta William Bass a jihar Tenesi ta Amurka ya duba wata gawa a wani kabari da aka tona, ya ga nama da sauran ja-ja ya ce ai ba ta wuce shekara ba, ashe Kanar William Shy ne da aka kashe a yaƙin basasarsu tun 1864, an yi masa maganin hana ruɓa an sa shi a akwatin ƙarfe. Kuskuren shekara 113 fa! Kunyar nan na cikin abin da ya sa ya buɗe fili a jami'ar Tenesi inda ake ajiye gawarwakin da aka bayar kyauta a sarari, rana da ruwa na dukansu ana rubutawa.

Daga can ne wani masani, Arpad Vass, ya fito da lissafinsa, raba 1285 da matsakaicin zafin wurin a ma'aunin Celsius, sai ka samu kwanakin da gawa za ta koma ƙashi. In digiri 35 ne kwana 37 kenan, in 10 ne ya haura wata huɗu.

Ni dai inda nake tababa, Tenesi garin laima ne, ba su san ƙurar Disamba ba. Da lissafin nan za a bi, da jakin nan ya koma ƙashi tun kafin bazara, alhali har ruwan farko ya sauka da fatarsa a jiki.