Daga Birnin Kebbi Zuwa Yamai da Jakar Goyo

Tun muna makaranta nake yi wa abokina, mutumin Kamba, alƙawarin za mu je Yamai tare, amma ban cika ba sai a wani lokacin hunturu, kafin juyin mulkin watan Yuli na 2023 wanda ya jawo rufe iyaka na tsawon watanni. Ba mu ɗauki akwati ba. Kowannenmu ya rataya jakar goyo mai ɗauke da tufafi kala biyu, da bargo, da fasfo, da katin rigakafin shawara, domin mun ƙudurta duk inda ƙafa za ta iya kai mu a birnin ba za mu hau mota ba.

Mun bar Birnin Kebbi bayan sallar asuba, muka canji naira zuwa sefa a Kamba, muka tsallaka zuwa Gaya, daga nan muka kama hanyar Doso. Ban da tsayawa a shingayen jandarma, babu abin da ya faru a hanya sai da muka wuce Birnin Gaure muka kusa Kure, inda direba ya rage gudu ya nuna mana raƙuman dawa uku suna cin ganyen ƙaya. Waɗannan su ne ragowar irinsu a Afirka ta Yamma, kuma suna kiwo ne kusa da gonakin mutane ba tare da an killace su ba.

Abin da na tanadar wa raina shi ne baƙunta, sai ga shi ban same ta yadda na zata ba. Zabarmanci da Hausa ne ke tashi a tasha, ga kuma Hausar da yawancinsu ke yi ta fi kama da ta gidanmu fiye da wadda nake ji idan na je Kano. Wurin kuɗi ne kawai aka nuna mini cewa na bar ƙasata. Na tsaya gaban wata dattijuwa mai sayar da dambu da kwaɗon zogale, wanda suke kira kopto, na ce, "Inna, na nawa zai ƙosar da mutum?" Ta ce dala hamsin. Na zaro ƙwandalar sefa hamsin na miƙa mata, ta dube ta, ta dube ni, ta ce, "Ɗana, kai daga Najeriya ka fito." Abokina ya gama dariyarsa kafin ya bayyana mini cewa dala ɗaya sefa 5 ce, saboda haka dala hamsin sefa 250 ke nan, kuma takardar 1,000 ita ake kira jikka. Har muka bar garin, duk farashin da aka faɗa sai na tsaya na ninka shi sau biyar a zuci, masu kaya suna jira.

Washegari muka yi wa gidan tarihi na Boubou Hama wuni guda, kuma ko shi kaɗai mutum ya gani kuɗin motarsa ba su faɗi a banza ba. An buɗe shi a 1959, shekara guda kafin Nijar ta sami mulkin kai, kuma fili ne mai faɗi wanda ya haɗa ɗakunan kayan gargajiya, da gidan namun daji, da rumfunan masu sana'a inda Buzaye ke ƙera azurfa, dukawa na ɗinka fata a gaban mai kallo. Mun ga ƙasusuwan manyan dabbobin zamanin da waɗanda aka tono a hamadar yankin Agadas, amma abin da ya fi tsayar da ni busasshen itace ne da aka yi wa rumfa ta musamman. Ita ce bishiyar Tenere, wadda ta rayu ita kaɗai a tsakiyar sahara, ayari na yin alama da ita, har wata babbar mota ta buge ta a 1973. Abokina ya ce direban da ya rasa abin da zai kara wa mota a wannan sararin sai ita, ya kamata a ajiye hotonsa kusa da ita. Ɓangaren namun dajin ne bai gamsar da ni ba, domin kejin zakunan ya yi musu ƙanƙanta, kuma ba na jin daɗin ganin babbar dabba tana zagaye wuri ɗaya.

Babbar kasuwa da babban masallaci mun zaga su a gurguje, domin wanda ya saba da kasuwannin gida ba zai ga sabon abu mai yawa ba, in ban da dogon burodin nan da Faransawa suka bar musu. Birnin ma ba tsoho ba ne kamar Damagaram, wadda Turawa suka ɗauke hedikwata daga cikinta suka maido nan a 1926.

Da la'asar sakaliya muka taka gadar Kennedy, wadda aka buɗe a 1970, zuwa tsallaken da jami'ar Abdou Moumouni take. Daga kan gadar muka tsaya muna kallon masunta a kwalekwale da masu wanki suna shanya a bakin ruwa, abokina ya tuna mini cewa wannan kogin da Zabarmawa ke kira Isa shi ne ke bi ta Gaya ya shigo jiharmu, ya karɓi ruwan gulbin Kebbi, ya wuce Yawuri. Muka yi magariba a can tsallake, muka dawo a ƙafa.

Ranar komawa na sayi dogon burodi guda huɗu a matsayin tsaraba, na soka su a gefen jaka suna leƙowa. Kafin mu iso Kamba iskar hunturu ta busar da su, har sai da aka jiƙa su a shayi kafin yaran gidan abokina su iya ci.