Kwana Uku a Kano da Mama

Da asuba muka bar Wusasa, ni da Mama, sanyin hunturu yana ratsa ƙashi. Yanar ido ce ta rufe mata idon dama, na hagun ma ya fara dushewa, aka ba mu shawara mu nufi asibitin ido na cocin ECWA a Kano. Kafin mu shiga mota a Kwangila ta kama hannuna ta karanto Zabura 121 da ka, kamar yadda take yi tun muna yara duk ranar da wani zai yi tafiya: Ubangiji zai kiyaye fitarki da shigarki. Na ce amin, amma hankalina yana kan masauki, domin Mama ta riga ta yanke magana. A gidan Yaya za mu sauka.

Kusan shekara goma ke nan ba na magana da Yaya. Bayan rasuwar Baba ya sayar da gonarmu ba da shawarar kowa ba, ya kama shago a kasuwar Sabon Gari. Da gobarar Maris ɗin 2016 ta cinye shagon, aka bugo mini waya, abin da ya fito daga bakina shi ne, “Alhaki ne.” Ko jaje ban yi masa ba. Duk Lahadi kuwa ina tsaye a cikin mawaƙan zumuntar mata.

Mun wuce Kwanar Dangora kaɗan sai tayar gaba ta fashe. Motar ta yi ta tangaɗi, masu salati suna salati, ni kuwa ban san lokacin da na ƙwalla “Yesu!” ba. Direba ya yi ta kokawa da sitiyari har muka gangara gefen wata gona muka tsaya, taku biyu tsakaninmu da rami. Ko ƙwarzane babu wanda ya samu. Wani dattijo mai carbi ya dube ni ya ce, “Baiwar Allah, da sauran shan ruwanmu a gaba.” Mama tana ta laluben ledar dakuwar da ta yi wa jikokinta. Ni dai na zauna a kan kunya ƙafafuna suna rawa, tunani ɗaya ya tsaya mini a wuya: da yau ce ranar, da wannan kalma ta “alhaki” zan tsaya a gaban Ubangiji. Ban yarda cewa mun fi waɗanda suka mutu a wannan hanya kirki ba. Jinƙai ne kawai, kuma na ji a jikina cewa lokaci aka ƙara mini.

Kadawa da Kura sun wuce ban ko kula da kwandunan tumatir ba. A Unguwa Uku muka tarar da Yaya yana jira, ya jingina da adaidaita sahu. Ashe ita yake ja yanzu. Ya durƙusa ya gaida Mama, sannan ya ce, “Sannu da hanya, Auta.” Na ce, “Yauwa, Yaya. Mun same ku lafiya?” Iyakar hirarmu ke nan har Badawa.

Ciki da falo ne gidan, su biyar, ga mu mun zama na shida da na bakwai. Matarsa ta tuƙa tuwon masara da miyar kuka. Bayan an ci Yaya ya ɗauko Littafi Mai Tsarki wanda bangonsa ya ɓaɓɓake a gefe, cikin ɗan abin da ya tsira daga shagon, ya buɗe 1 Timoti 6, wurin da Bulus ya ce ba mu zo duniya da kome ba, ba kuma za mu fita da kome ba, in muna da abinci da sutura sai mu gamsu. Na sha jin wannan aya daga bakin mutanen da firjinsu yake cike, ba ta taɓa shiga ta ba. A bakin mutumin da ya yini yana haɗiyar hayaƙin Kano don ya cika kuɗin mai keke, sai ta yi nauyi. Ya ce da yana da shago barci gagararsa yake yi, yanzu kuwa yana sa haƙarƙari a tabarma sai asuba. Ba cewa nake talauci abin so ne ba, na ga takalmin ’yarsa ta makaranta. Amma babu ƙorafi a gidan, kuma ni mai albashi ban san wannan kwanciyar rai ba.

Washegari muka yi sammako zuwa asibitin, wanda ’yan mishan na SIM suka buɗe tun 1943. Benci cike, yawancin masu jira Musulmi ne, kusa da Mama wata tsohuwa ce daga Maraɗi, kafin azahar har sun raba goro. Aka yi aikin, aka rufe idon, aka ce sai gobe. Matar Yaya ta zauna da ita. Mama, wadda ba ta kama sunan ɗan fari, ta ce mini, “Ki bi yayanki ya nuna miki gari.” Na gane manufarta.

Ya bi da ni ta Ƙofar Mata, na leƙa karofi inda marina suke tsoma yadi a baba, muka ratsa gefen Kurmi da ƙyar saboda cunkoso, sai gindin Dala. Muka hau a hankali. Daga sama hazo ya lulluɓe birnin, Goron Dutse yana can kamar inuwa, kiran sallar la’asar yana tashi ta kowace kusurwa. Na zo da jawabi a shirye, na yadda zan ce na yafe masa gona. Da na buɗe baki sai wani abu dabam ya fito. Na gaya masa abin da na faɗa ranar gobara.

Ya daɗe bai ce kome ba. Sannan ya ce, “Na ji tun a makon. Kuma gaskiya kika faɗa, Auta, na ci haƙƙinku. Na roƙi Allah gafara, na san ya yafe mini saboda Almasihu, amma kunyarki ta hana ni zuwa.” Na ce, “Yaya, ba ni ce mai hukunci ba. Ka yafe mini.” Muka yi Addu’ar Ubangiji a tsaye, wasu yara masu wasa suna kallonmu. Da muka kai wurin “ka gafarta mana laifofinmu, kamar yadda mu ma muke gafarta wa masu yi mana laifi,” muryata ta ƙi fita. Shekara goma ina faɗin wannan layi da baki kawai. Gonar ba za ta dawo ba, kuma har yanzu idan na tuna mangwaron da Baba ya dasa a bakinta raina yana sosuwa.

Rana ta uku aka cire bandeji. Mama ta ƙyafta ido, ta dubi tagar, ta dubi zanen da ke jikina ta ce ashe kore ne. Sai ta juya wajen Yaya ta daɗe tana kallonsa. “Kai, ka yi furfura,” in ji ta.

A tasha ya cusa mana gurasa a jaka, ya hana ni biyan kuɗin mota, muka yi ta ja har na bar masa. Ya zagaya ya duba tayoyin motar ɗaya bayan ɗaya kafin ya bari mu shiga. Ya ce da Ista zai kawo yaran Wusasa su ga kabarin Baba.