Inda Na Kwana a Koyon Tahamisi, da Abin da Na Tsinta a Gidan Shehu

Assalamu alaikum 'yan'uwana masu koyon rubutacciyar waƙa. Tun kafin azumi na yi muku alkawarin kawo bayanin inda na kwana, sai yanzu Allah ya nufa. A wannan zangon ban tsara sabuwar waƙa tawa ta kaina ba. Da gangan na jingine wannan, na duƙufa a kan tahamisi, kuma ina ganin duk wanda ya fara kama kari da amsa-amo a cikinmu ya kamata ya bi ta wannan ƙofar kafin ya ci gaba.

Ga wanda bai riga ya shiga babin ba, tahamisi shi ne ka ɗauki waƙar wani 'yar ƙwar biyu, wato mai ɗango (layi) biyu a kowane baiti, ka ɗora ɗango uku naka a saman kowane baiti, ya koma ƙwar biyar. Dole ɗangwayenka su bi amsa-amon ɗangon farko na mai waƙar, su hau karinsa, su kuma share wa ma'anarsa hanya, ta yadda in an rera za a ji kamar baki ɗaya ne ya faɗi duka biyar ɗin. Kunnenmu ya saba da shi tun muna yara. Ishiriniyar da ake karantawa a zauruka da masallatai, musamman a watan Maulidi, asalinta ta Alfazazi ce, mutumin Andalus da ya rasu a 1230, amma wadda muke ji ana rerawa tana haɗe da tahamisin Ibn Mahib. Cikin masu rera ta, mutum nawa ne za su iya nuna maka inda wannan ya tsaya wancan ya kama?

Abin da ya ja ni cikin sha'anin shi ne tarihin waƙar nan Tabbat Haƙiƙa. Hannu uku ne a cikinta, kuma duk 'yan gida ɗaya. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya tsara ta da Fulatanci, yana jan kunnen masu riƙe da jama'a a kan zalunci, cin hanci, ƙwace wa talaka abinsa da ha'inci a kasuwa. 'Yarsa Nana Asma'u ta mayar da ita Hausa a 1831, shekara goma sha huɗu bayan rasuwarsa. Daga baya ƙanenta Isa, autan Shehu, wanda bai ma tashi ya ga mahaifin nasu ba, ya yi mata tahamisi. Uba ya aza harsashi, 'ya ta kai maganar inda mafi yawan jama'a za su fahimta, ɗa ya faɗaɗa ta. Ba wanda ya ce an taɓa masa waƙa. Shi kansa Shehu Abdullahi na Gwandu ya yi wa ƙasidar yayansa Shehu Usmanu ta begen Annabi tahamisi da Larabci. A wurin waɗannan bayin Allah waƙa aba ce da ake miƙa wa na baya ya ɗora, kuma wannan ya bambanta ƙwarai da yadda muke yi yau, inda kowa ke tsaron baitinsa kada a canja masa ko wasali.

Zan ɗan daɗe a kan Nana Asma'u, domin sai da na san rayuwarta na gane dalilin da ya sa waƙoƙinta suka fito yadda suka fito. An haife ta a Ɗegel a 1793, 'yar tagwaye ce, abokin haihuwarta Hassan. Tana 'yar shekara goma sha ɗaya aka yi hijira zuwa Gudu a 1804, ta yi ƙuruciyarta cikin yaƙi, yunwa da tashi daga wannan zango zuwa wancan, har Alƙalawa ta faɗi a 1808 aka kafa Sakkwato a shekarar da ta biyo. Ta auri Giɗaɗo ɗan Laima, wanda ya zama wazirin yayanta Muhammadu Bello. Ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ayyukanta da aka tattara sun kai wajen sittin, ta rasu a 1864. Zuriyar Giɗaɗo ce ta adana takardunta, har zuwa kan Waziri Junaidu, kuma daga nan ne Jean Boyd da Beverly Mack suka tattara su suka buga a 1997.

Amma abin da ya fi shafarmu mu masu koyo shi ne su wa take yi wa waƙa. Bayan jihadi ƙauyuka sun cika da mata waɗanda ba su samu karatu ba, kuma matar aure mai goyo ba za ta bar gida ta tafi birni neman ilmi ba. Sai Nana ta kafa 'Yan Taru. Takan zaɓi dattijuwa amintacciya ta naɗa ta jaji, ta ba ta malfa da jan rawani. Jaji ta tattaro tsofaffi da 'yan matan da ba su yi aure ba, su tako da ƙafa daga ƙauyensu da 'yar sadakarsu ta hatsi ko zuma ko man shanu, su zauna gaban Nana su haddace waƙa, su koma su koyar da waɗanda suka bari a gida. To ka ga waƙar da za ta yi irin wannan tafiya a cikin kan tsohuwa, ta isa ba ta zube a hanya ba, dole karinta ya zauna daram, amsa-amonta ya riƙa janyo baiti na gaba, kalmominta su zama na yau da kullum. Ku duba waƙarta da ta jero sunayen surorin Alƙur'ani 114 cikin baiti 30 kacal. Ta fara yin ta da Fulatanci a 1829, ta yi ta Hausa a 1838, ta Larabci a 1850. Wanda bai taɓa gwadawa ba zai ɗauka jerin sunaye ne kawai. Ka gwada ka saka sunayen 'yan gidanku goma cikin kari ɗaya ba tare da ka karya ko ɗaya ba, za ka san aikin da ke ciki. Bayan rasuwarta ƙanwarta Maryam ta ci gaba da riƙon 'Yan Taru.

Yanzu ga aikin hannuna. Ban taɓa baitin magabata ba tukuna, ina jin nauyinsu, kuma gwiwata ba ta kai ba. Abin da muka yi ni da wata 'yar'uwa da muke koyo tare shi ne musayar baitoci: ta ba ni nata 'yan ƙwar biyu, na ba ta nawa, kowa ya je ya ɗora uku. Mun zaɓi bahar Mutaƙarab saboda tafiyarsa a fili take, gaɓa sassauƙa ɗaya sai masu nauyi biyu, sau huɗu a ɗango. Ga baitin da na buɗe nawa da shi, don ku ji tafiyar:

Da sunan Gwani Rabbana za ni fara,
Ya shiryar da ni har na gano dabara.

Nata baitin da ya fi ba ni aiki shi ne wanda ɗangonsa na farko ya ƙare da "wa", na biyun ya koma kan babban amsa-amo "ra". Ga yadda ya tsaya bayan na ɗora nawa. Ukun farko nawa ne, biyun ƙarshe nata:

Sani, ɗan'uwana, haƙiƙan fa baiwa,
Yana yin yawa in ana rarrabawa,
Kamar dai wata ne da ke haskakawa,
Idan ka sani kar ka ɓoye wa kowa,
Ka ba 'yan'uwa, gobe su za su ƙara.

Abu biyu na koya a wannan baitin. Na farko, mai tahamisi ba ya riga mai waƙa faɗin maganarsa. Ita umarni ta bayar, kar ka ɓoye, ka bayar. Da na sa umarni a nawa ɗangwayen, da nata sun zo a matsayin maimaici, sun yi sanyi. Sai na tsaya a kan bayyana mene ne sani, na bar mata hukuncin. Aikinka shi ne ka sa mai sauraro ya ƙosa ya ji ɗango na huɗu. Na biyu, amsa-amon "wa" yana da daɗin samu har ya kan lalata mutum. Kusan kowace aikatau kana iya liƙa mata shi, rarrabawa, haskakawa, tunawa, kulawa, sai ka ga baiti ya cika ba ka ce komai ba. Biyu na bari a nan, kuma ina ganin ko su sun isa. Shi ya sa na nemi suna na rufe ɗangon farko da shi.

Wani abin da ya sauƙaƙa mini ƙirga kari shi ne komawa ga ajami. Rubutun boko ba ya nuna dogon wasali, ajami kuwa yana nunawa, da alif ko wawu ko ya. A ɗango na uku na sama, watan da nake nufi na sama ne, ƙarshensa dogo, kuma da tsawon nan karin ya tsaya. A boko ido ba zai gaya maka ba, a ajami kana ganin alif ɗin zaune a ƙarshe. Yanzu kowane baiti sai na rubuta shi sau biyu, ajami a dama boko a hagu, na bi shi gaɓa gaɓa ina ɗiga alama. Na sayi tawada da alƙalamin kara wajen masu sayar da alluna, ina bin rubutun Warshu da muka taso da shi, fa da ɗigo a ƙasa, ƙaf da ɗigo ɗaya a sama, da ɗigon imala don wasalin "e". Hannun yana tafiya a hankali, kuma jinkirin nan yana ba kunne damar ya ji abin da ake rubutawa. Wanda bai iya ajami ba kada wannan ya karya masa gwiwa, in dai ka yi makarantar allo ko Islamiyya, rabin aikin ka riga ka yi shi.

Gwajin da na fi amincewa da shi kuwa daga 'Yan Taru na aro shi. Ina kai wa gwaggona baitin da yamma, lokacin da take zaune a kan tabarma da faifai a cinya tana tsince wake. Ba ta karanta boko, amma ta haddace waƙoƙin wa'azi da yawa tun a ɗakin mahaifiyarta. Sai na rera mata sau biyu, na ce, "Gwaggo, maimaita mini." Inda kari ya zauna, takan wuce sumul hannunta bai ko tsaya da tsintar ba. Inda ya karye, sai ka ga yatsun sun tsaya, ta ɗago kai ta ce, "A'a, sake faɗa." Wani lokaci ba ta ma tambaya, sai ta musanya kalmar da wata da ta fi dacewa da bakinta ta wuce abinta, kuma sau da yawa tata ce nake ɗauka. Duk wanda yake da irin wannan dattijuwa a gida ya riƙe ta da kyau. Waƙar da aka tura ta waya ana iya yaba mata alhali ba wanda ya buɗe baki ya rera ta, kuma a nan ne yawancinmu muke rasa gyara.

Na kuma ɗan leƙa ramzi, wato yadda magabata ke ɓoye shekarar da suka gama waƙa cikin kalma ɗaya a baitocin rufewa. Kowane harafin Larabci da adadinsa. Abin lura kawai shi ne malamanmu lissafin Magariba suke bi, wanda a cikinsa shinun ce 1000, alhali a lissafin Gabas gainun ce 1000, shinun kuwa 300. Wanda ya ɗauko jadawalin Gabas daga intanet ya auna waƙar Sakkwato da shi zai fito da shekarar da ba ta yi kama da komai ba. Misali, Sarkin Musulmi Bello ya rasu a Wurno a 1837, wato 1253 ta hijira: shinun 1000, ra'un 200, nunun 50, jimun 3. Shi ya sa za ku ga shinun da ra'un suna yawan fitowa a ramzin waƙoƙin wancan ƙarni. Mu namu shekarun sai da shinun da ta'un, tunda ta'un ce 400. Gwanintar ita ce a jera haruffan su ba da kalma mai ma'ana, ta kuma shiga kari. Wannan ina kan nema.

Abin da ke gabana yanzu marsiya ce, wato waƙar tunawa da mamaci. A nan ma Nana ce ta buɗe mini ido. Ta yi wa Bello, ta yi wa mijinta Giɗaɗo, ta yi wa aminiyarta A'ishatu, amma ba ta tsaya kan manya ba. Ta yi wa maƙwabciyarta Halima, ta yi wa Hauwa'u, ɗaya daga cikin jajinta. Abin da take yabo a jikinsu shi ne haƙuri, kyauta, sada zumunci, sulhunta mutane da kula da baƙo, ba ta cika waiwayar sarauta ko dukiya ba. Akwai malamar da ta fara ɗora ni a kan karatu, Allah ya jiƙanta, wadda ba a taɓa rubuta sunanta a ko'ina ba. Ita nake so in yi wa. Zan tsara ta ƙwar biyu, a Mutaƙarab ɗin da hannuna ya fara sabawa da shi, kuma zan yi ƙoƙari kowane ɗangon farko ya ƙare da amsa-amon da ba zai ƙure mai ɗorawa ba. In na kammala zan kawo muku ita, duk wanda ya ga zai iya, bismillah, ya yi mata tahamisi. Wanda kuma yake da baitoci 'yan ƙwar biyu da yake so a gwada a kansu ya turo, da ajami in da hali, ya kuma faɗi bahar ɗin da ya hau. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya ƙara mana basira. Wassalam.