Jan haske da lafiyar ido: awon ƙarfi da lokaci shi ne aikin

Abin da mai bin binciken da ake yi kan haska wa ido jan haske don inganta gani zai fara ganewa shi ne kalmar "jan haske" ita kaɗai ba ta faɗi komai ba. Sai an san tsawon zangonsa, da ƙarfinsa a daidai ƙwayar ido, da daƙiƙa nawa, da kuma ko fitilar LED ce ko leza.

A 2020 tawagar Glen Jeffery a jami'ar UCL ta Landan ta gwada haske mai tsawon zango nanomita 670 a kan mutum 24, minti uku kullum har mako biyu. Waɗanda suka haura shekara 40 sun ƙara iya bambance launuka, matasa kuwa ba su ga wani sauyi ba. Bayanin da ake bayarwa shi ne hasken yana farfaɗo da mitokondiriya, injinan ƙarfin ƙwayoyin retina (shimfiɗar bayan ido mai karɓar haske), waɗanda ke raunana da tsufa. Da suka sake gwaji a 2021 sai suka rage ƙarfin daga miliwat 40 zuwa 8 a kowace murabba'in santimita, kuma ya yi aiki, amma da safe kawai. Da rana bai yi komai ba.

Lissafin ba wuya: miliwat 8 sau daƙiƙa 180 ya ba da jul 1.44 a kowace murabba'in santimita, wato jimillar ƙarfin hasken da ya sauka. A auna ƙarfin da na'urar auna haske a nisan da ido zai tsaya, domin lambar da ke jikin kwali sau da yawa a bakin fitila aka ɗauke ta.

Inda ake yin ɓarna shi ne leza. A ƙasar Sin an yi ta sa yara masu matsalar ganin nesa su kalli leza mai nanomita 650, minti uku sau biyu a rana. Ƙaruwar tsawon ƙwayar ido, wadda ke kawo matsalar, tana raguwa ƙwarai, ba musu. Sai dai leza tana tara ƙarfinta a ɗigo ɗaya tsakiyar retina, kuma a 2023 an ba da rahoton yarinya 'yar shekara 12 da retinarta ta samu rauni bayan wata biyar. Idan an daina kallon lezar, matsalar ganin nesan kan dawo da sauri. Shi ya sa hoton OCT (hoton cikin retina) kafin farawa da lokacin bibiya ya zama dole, kuma in inuwar hasken ta daɗe a ido bayan an kashe, a dakata.

Na'urar Valeda, wadda hukumar FDA ta Amurka ta amince da ita a Nuwamba 2024 don busasshen ciwon makula (tsakiyar retina) na tsofaffi, LED ce mai zango uku, nanomita 590 da 660 da 850, kuma a asibiti ake yin ta.