Gwiwar Inna da maganin glucosamine

Jama'a ciwon gwiwa ba wasa ba ne wallahi. Inna tamu tun shigowar hunturu sallah ma a zaune take yi, likita ya duba hoton ya ce guringuntsin gwiwar ne ya cinye, ƙashi na gogar ƙashi. Sai wata ƙawarta a unguwar Mabera ta Sakkwato ta kawo mata glucosamine wai shi ke sake gina shi, muka ci gaba da saye a kyamis, miligiram 1500 kullum, ga tsada kuma. Ita dai ta ce ta ɗan ji sauƙi, ni kam ban ga wani canji a tafiyarta ba. Babban binciken da aka yi a Amurka wanda ya fito 2006 ma, a yawancin mutanen glucosamine bai fi ƙwayar da ba magani a ciki ba. Kuma yawanci daga ɓawon jatan lande da ƙaguwa ake yinsa, mai shan warfarin (maganin hana jini daskarewa) kuwa kar ya taɓa sai ya tambayi likita don yana iya jawo zubar jini. Abin da na ga ya taimaka mata shi ne motsa ƙafar da aka koya mata a asibiti da ɗan tattaki da safe kafin ranar Sakkwato ta buɗe. Rage ƙiba ne dai har yanzu muke fama, Inna ba ta wasa da tuwonta.