Yadda muka haɗa kan ɗalibai a wata sakandaren Bronx

A makarantar da na yi sakandare a Bronx, cikin birnin New York, da ƙyar ka ga Bature a aji. Wanda ya leƙo daga waje zai ɗauka kanmu a haɗe yake. Ina! Sai lokacin abincin rana ake ganin zahiri: baƙaƙen fata haifaffun Amurka teburinsu daban, 'yan Dominika na can suna ta Sifaniyanci, 'yan Bangaladash da 'yan Yaman a lungu, mu kuma 'yan Gana da Gini da Gambiya da Nijar mun takure wuri guda. Ni dai Hausar zangon Kumasi ce ta rufa mini asiri, da ita nake hira da 'yan Nijar.

Azumin 2018 ne ya zama sanadi. Tun 2015 birnin ya sa ranakun Sallah cikin hutun makarantun gwamnati, amma azumi kam a aji ake yin sa, ga shi ya faɗo a watan Mayu, yini ya yi tsawo. Muka roƙi malamar tarihi ta bar mu mu riƙa zama a ajinta maimakon kallon masu cin fiza. Ta yarda, da sharaɗin ƙofa ta zauna a buɗe ga kowa. Ita ce kuma ta gaya mana akwai dokar tarayya ta 1984: sakandaren gwamnati da ta bar wata ƙungiyar ɗalibai wadda ba ta darasi ba ta zauna, ba ta da ikon hana wata saboda addini ko ra'ayin siyasa. Muka cike takardar kafa ƙungiya, ta sa hannu a matsayin mai kula da mu.

Kafin Sallah, marasa azumi sun kusa fin mu yawa a ɗakin. Wani aikin gida ya kawo shi, wani gudun hayaniya.

Sai kuma aka fara fasa ƙwai. Wani yaro haifaffen Harlem ya ce 'yan Afirka kallon raini muke yi musu, iyayenmu ma hana mu yawo da su suke yi. Ban iya musawa ba, don na sha jin haka a gida. Wata 'yar Gini ta mayar masa: su wa ke kwaikwayon maganarmu, suna tambaya ko da zakuna muka taso? Malama ta bari kowa ya amayar da nasa, sannan ta ba mu labarin Amadou Diallo, ɗan Gini da 'yan sanda huɗu suka harba wa harsashi 41 a ƙofar gidansa a unguwar Soundview ta Bronx cikin Fabrairun 1999, kotu kuma ta wanke su a 2000. Waɗanda suka cika titi da zanga-zanga, irin su Al Sharpton, baƙar fatan Amurka mai fafutikar kare haƙƙi, ba su tsaya tambayar ƙasarsa ba.

Duk da haka, a ganina ba muhawara ce ta riƙe mu ba. Mutane kan gaji da zancen wariya kullum. Abin da ya riƙa dawo da su shi ne buƙata. Takardar neman tallafin karatun jami'a, FAFSA, tana tambayar harajin iyaye, yawancin iyayenmu kuwa ba su san kanta ba. Waɗanda yayyensu suka taɓa cikewa suka zauna da mu layi bayan layi, mu kuma muka kama musu lissafi da Faransanci. A bikin watan tarihin baƙar fata, cikin Fabrairu, muka jera wake da shinkafa irin na Gana kusa da dakakkiyar ayabar 'yan Dominika da sambusa, kuma tiren da ya fara ƙarewa na shito ne, wato miyar barkonon Gana.

Inda irin waɗannan ƙungiyoyi ke mutuwa shi ne wajen miƙa ragama, don shekara huɗu ce kawai kowa ya kama gabansa. Shi ya sa muka ɗora wa 'yan aji tara, wato sababbin shiga, rajista da sayen abin taɓawa tun zangonsu na farko, kuma da muka zo fita, wata 'yar Yaman daga cikinsu muka zaɓa shugaba.